RAMIN KUNNE DA LASIFIKAR KUNNE: YADDA SU KE GAMUWA

Duk wanda ya taɓa cika tulu a bakin rijiya ya san wani abu, ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa ba. Sa'ad da aka fara zuba ruwa, tulun ya kan amsa da murya mai kauri. Ruwa na hauhawa muryar na sirancewa, har mai ɗiba ya gane tulu ya kusa cika ba tare da ya leƙa ba. Abin da ke sāke muryar shi ne iskar da ta rage a ciki. Ko wane kogo mai ƙunshe da iska yana da irin sautin da ya fi amsawa: babban kogo ya amsa mai kauri, ƙarami ya amsa siriri. Bisa wannan ƙa'ida aka gina sarewa da kakaki, ita ce kuma ke sa kwalba ta yi kuka in an hura bakinta.

To, ko wane mutum yana yawo da irin wannan kogo guda biyu a kansa, watau ramin kunnensa na dama da na hagu. Tun da ya ke 'yar lasifikar nan da a ke sawa a kunne, wadda mutane ke kira hedifon ko iyafis, ta shiga hannun babba da yaro, har malaman ofis na amfani da ita wajen rubuta jawabin da aka ɗauka a taro, ya kamata hakimai da magatakardansu su san abin da ke faruwa tsakaninta da wannan rami. A nan daɗin sauraro ya ke, a nan kuma haɗarin kurmancewa ya ke.

Siffar ramin kunne

Ramin kunnen baligi tsawonsa kamar inci guda ne, watau santimita 2.5, faɗinsa kuwa wajen milimita 7. Ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yar lanƙwasa biyu. Sulusinsa na waje guringuntsi ne, sauran kashi biyun na ciki ƙashi ne da fata siririya a bisansa. Bakinsa a buɗe ya ke, ƙarshensa kuwa tantanin nan da a ke kira dodon kunne ya rufe shi. Ashe ke nan bututu ne mai buɗe a gefe guda, rufe a gefe guda.

Sauti ba kome ba ne illa kaɗawar iska. In iska ta kaɗa sau ɗari a sakan guda, a kan ji sauti mai kauri irin na babbar ganga. In ta kaɗa sau dubu uku, a kan ji siriri mai kaifi. Kunnen saurayi lafiyayye ya kan ji tun daga kaɗawa 20 har zuwa wajen 20,000 a sakan. Ko wane sauti kuma yana da zangonsa, watau nisan da ke tsakanin wannan kaɗawa da mai bi mata, kamar dai yadda masu sauraron rediyo suka san gajeren zango da matsakaicin zango.

Masana sun daɗe da sanin cewa bututu mai rufe a gefe guda ya fi amsa sautin da zangonsa ya ninka tsawon bututun sau huɗu. Lissafin ba wuya, ko wane magatakarda ya iya yin sa. Sauti na tafiyar mita 343 a sakan guda cikin iska mai matsakaicin zafi, watau santimita 34,300. A ninka tsawon rami, santimita 2.5, sau huɗu, a sami 10. A raba 34,300 da 10, a sami 3,430. Wannan ita ce amsar takarda.

Amsar kunne na gaskiya ta ɗan bambanta. Cikin 1946 waɗansu masana biyu a Amurka, Wiener da Ross, suka zura wani siririn bututun awo cikin kunnuwan mutane har kusa da dodon kunne, suka auna ƙarfin sautin da ke isa can. Daga baya Edgar Shaw, a ƙasar Kanada, ya tattara awon da aka yi a wurare da dama ya fitar da shi cikin 1974. Abin da ya tabbata shi ne, kunnen yawancin baligai ya fi amsawa a wajen kaɗawa 2,700. Dalilin ragin kuwa, 'yar kwaryar nan ta bakin kunne tana ƙara wa ramin tsawo, ramin ba miƙaƙƙe ba ne, dodon kunne kuma ba bango ba ne mai tauri, yana motsi.

Ƙarin da a ke samu ba kaɗan ba ne. A kan auna ƙarfin sauti da ma'aunin da a ke kira desibel, kuma ƙarin desibel 10 kunne ya kan ji shi kamar an ninka sautin sau biyu. In aka haɗa taimakon rami da na kwaryar bakinsa da na kai kansa, sautin da ke wannan daidai ya kan isa dodon kunne da ƙarin desibel 15 zuwa 20 bisa ga yadda ya ke a waje. Sauti mai kauri kuwa ya kan wuce kusan yadda ya zo, ba ƙari.

Wannan baiwa tana da amfani babba. Kaurin muryar mutum da hawa da saukarta suna can ƙasa, amma abin da ke rarrabe baƙaƙe yana sama, daga kaɗawa 2,000 zuwa gaba. Da shi a ke bambanta sara da shara da tsara. Tun 1933 Fletcher da Munson, ma'aikatan ɗakin binciken Bell a Amurka, suka nuna cewa kunnen mutum ya fi saurin ji tsakanin kaɗawa 2,000 da 5,000, amsawar ramin kunne kuwa tana daga cikin manyan dalilan haka. Mutum ba ya lura da wannan ƙari ko kaɗan, gama da shi ya tashi, ƙwaƙwalwarsa ta ɗauke shi a matsayin daidai. Sai ran da aka ɗauke shi ya kan ji wani abu ya ɓace.

Abin da ke faruwa in an sa lasifika

Lasifikar kunne ba sabuwar aba ba ce. Cikin 1910 wani mutumin Utah a Amurka, Nathaniel Baldwin, ya ƙera irinta a gidansa, sojan ruwan ƙasar suka yi odar guda 100. Kamfanin Koss ya fitar da ta jin kiɗa mai rarrabe dama da hagu cikin 1958, Sennheiser na Jamus ya fitar da mai buɗaɗɗen baya cikin 1968, sa'an nan Walkman na kamfanin Sony ya fito cikin 1979 ya sa mutane suka fara yawo da ita a titi. Ga abin da ya shafi ramin kunne, iri biyu ne suka fi muhimmanci.

Iri na farko ita ce babba mai kifuwa bisa kunne duka kamar ƙoƙo. Wannan ba ta toshe ramin ba. Sauti na fitowa daga gare ta, ya bi ta kwaryar kunne, ya shiga rami yadda ya saba, sabo da haka yawancin ƙarin nan na halitta yana nan. Illarta ita ce, sautin ba daga nesa ya taho ba, daga gefe ya fito, a cikin ɗan matsattsen wuri, kuma in aka ɗan gusar da ita gaba ko baya, sautuka masu kaifi su kan sāke. Shi ya sa mutum ya kan ji ta yau da daɗi, gobe ya ji kamar an musanya ta, alhali zamanta ne bisa kai ya bambanta.

Iri na biyu ita ce ƙarama mai bakin roba da a ke cusawa cikin rami. A nan al'amarin ya ke. Da zarar ta toshe bakin rami, bututun da ke buɗe a gefe guda ya koma rufe a gefe biyu, ya kuma gajarce da gwargwadon abin da robar ta ci. Bututu mai rufe a gefe biyu ƙa'idarsa dabam ce: ya fi amsa sautin da zangonsa ya ninka tsawonsa sau biyu kaɗai. A ce santimita 2 suka rage tsakanin robar da dodon kunne. A ninka sau biyu, 4 ke nan. A raba 34,300 da 4, a sami 8,575. Watau abu biyu sun faru lokaci guda. Ƙarin nan na wajen 2,700 ya ɓace, kwaryar kunne ma an tsallake ta. Wani sabon ƙari kuma, wanda kunne bai saba da shi ba, ya bayyana can sama, galibi tsakanin kaɗawa 7,000 da 9,000.

Wannan sabon ƙari shi ne ke sa harafin sa da tsa su riƙa sukan kunne kamar tsinke a waɗansu lasifiku. Ba ya kuma zama wuri guda. In an cusa robar da zurfi, bututun ya ƙara gajarcewa, ƙarin ya haura sama inda kunne bai cika damuwa da shi ba. In an bar ta a baki-baki, ya sauko inda ya fi ciwo. Mutum biyu su kan saurari lasifika guda, wannan ya ce tana da kaifi, wancan ya ce lafiya lau, su yi ta gardama, alhali kuwa ko wannensu gaskiya ya faɗa bisa ga nasa kunne.

Dabarar maƙera

Wanda bai sani ba zai ɗauka cewa lasifika mai kyau ita ce wadda ke fitar da ko wane sauti da ƙarfi daidai wa daida. Ga babbar lasifikar ɗaki, kusan haka ne, domin sautinta zai bi ta kunne ya karɓi ƙarinsa a hanya. Ga mai shiga rami kuwa kuskure ne. In aka ƙera ta ta kai ko wane sauti ga dodon kunne da ƙarfi ɗaya, mai sauraro zai ji magana a dushe, kamar mai maganar na bayan labule. Tilas maƙeri ya mayar da abin da toshewar ta ɗauke, ya gina tudu a wajen kaɗawa 3,000 cikin lasifikar kanta. Masu haɗa na'urar taimakon ji ga kurame sun san wannan sarai, gama ita ma toshe rami ta ke yi, kuma sai ta biya abin da ta ɗauke kafin ta fara taimako.

Nawa za a mayar? Nan aka daɗe ana ja. Da fari aka ce a kwaikwayi yadda kunne ke karɓar sautin da ya taho daga gaba sosai a fili. Cikin 1986 Günther Theile, wani injiniya na Jamus, ya kawo hujjar cewa ya fi kyau a kwaikwayi sautin da ke tahowa daga ko wace kusurwa lokaci guda, kamar a ɗaki mai amsa kuwwa, maƙera da yawa kuwa suka bi shi. Daga 2013 Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman suka bi wata hanya: suka tara mutane, suka ba su saurare ba tare da sun san wace lasifika ce ba, suka tambaye su wadda suka fi so. Kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi tsari guda, mai tudun nan na wajen 3,000 da ɗan ƙarin kauri a ƙasa. Sauran suka rabu, waɗansu na son kauri fiye da haka, waɗansu na son a rage. Abin lura shi ne, duk hanyoyin nan uku sun yarda da tudun, sun bambanta ne wajen tsayinsa.

Awon kuwa ba a kunnen mutum a ke yinsa kullum ba. Cikin 1972 kamfanin Knowles na Amurka ya ƙera wani mutum-mutumi mai kai da kafaɗu da kunnuwan roba, aka sa masa suna KEMAR, cikin 1981 kuma aka tsayar da ma'aunin ramin kunne na ƙarfe wanda ƙasashe suka yarda da shi. Amma waɗannan duka kunnen tsaka-tsaki su ke kwaikwaya, ba kuwa wanda Allah ya halitta da kunnen tsaka-tsaki daidai. Wani raminsa dogo ne, amsawarsa na ƙasa da 2,700. Wani gajere, tasa na sama. In tudun maƙeri ya sauka inda bai dace da na mai sauraro ba, sai ya ji murya na yi masa tsawa ko ta dushe. Sabo da haka tsadar lasifika ba ta isa shaida ba, sai an gwada ta a kunnen wanda zai yi aiki da ita.

Kaurin sauti da muryar mai sauraro

Akwai waɗansu abubuwa biyu da toshewa ke haifarwa. Na ɗaya, 'yar ƙaramar lasifika ba ta da ƙarfin tura iska mai yawa, sabo da haka sauti mai kauri ba ya samuwa gare ta sai in iskar rami a kulle ta ke. Robar ta ɗan yi sako-sako, kauri ya zurare, sauti ya koma kamar na gwangwani. Sau da yawa abin da mutum ke yi shi ne ya ƙara ƙarfi, alhali maganin shi ne ya sāke roba zuwa wadda ta yi daidai da kunnensa. Domin haka a ke sayar da yawancinsu da roba uku, ƙarama da matsakaiciya da babba, ba laifi kuma in kunnen dama ya ɗauki wannan, na hagu ya ɗauki waccan.

Na biyu, mai ita ya kan ji muryarsa na ruri a cikin kansa, haka taunarsa da takunsa. Ko wa ya iya gwada wannan: ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya yi guna-guni. Muryar mutum na bi ta ƙashin kansa da muƙamuƙinsa, ta kaɗa guringuntsin bangon rami. In rami a buɗe ya ke, yawancin wannan kaɗawa waje ta ke fita. In a toshe ya ke ba ta da mafita sai dodon kunne, har ta kan ƙaru da desibel 20 ko fiye a sautuka masu kauri. Maƙera na rage wannan da ɗan ƙanƙanen huji na shan iska. Masu fassara a taro, da ya ke suna magana suna saurare lokaci guda, ya fi musu sauƙi su yi aiki da irin da ba ta toshe rami.

Inda haɗari ya ke

Bayan dodon kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku masu miƙa kaɗawa zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa, cike da ruwa. A cikinta akwai ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000, su ne ke juya kaɗawa ta zama saƙon da ƙwaƙwalwa ke karantawa. Ƙara mai tsanani na kashe su, wadda ta mutu kuwa ba ta sāke tsirowa a jikin ɗan Adam. Likitocin kunne sun daɗe suna ganin cewa wanda ƙara ta ɓata wa ji, a wajen kaɗawa 4,000 ɓarnar ke fara bayyana, ko maƙeri ne, ko mai injin niƙa, ko soja. Masana da yawa na ganin amsawar ramin kunne na daga cikin dalilai, gama sashen da ke karɓar sautin da aka ƙarfafa shi ne ke fara gajiya, ɓarnar kuma ta kan sauka kaɗan sama da sautin da ya jawo ta. Lasifikar da aka gina mata tudu a wajen 3,000, in aka ƙure ta, daidai wannan wuri ta ke duka.

Mugun abin shi ne ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. Mutum na jin ana magana sarai, gama kaurin murya na nan, amma baƙaƙe sun fara zubewa. A ɗaki shiru ba ya lura. A kasuwa ko a zauren taro sai ya riƙa cewa a maimaita, ya zargi mutane da cin magana. Ga magatakarda, wanda abincinsa ke rataye ga jin suna da adadi daidai, wannan ba ƙaramar hasara ba ce.

Cikin 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa samari da 'yan mata biliyan 1.1 na cikin haɗarin rasa ji sabo da irin sauraron da su ke yi. Cikin 2019 ita da Hukumar Sadarwa ta Duniya suka fitar da ma'auni: baligi ya iya sauraron desibel 80 har awa 40 a mako, yaro kuwa desibel 75. Ko wane ƙarin desibel 3 na raba lokacin biyu. Watau a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 92 awa biyu da rabi, a 95 awa ɗaya da kwata a mako duka. Wayoyi da yawa na iya wuce 100 in an ƙure su. Tun da ya ke ba ko wa ke da abin awo ba, hukumar ta ba da shawara kada a wuce kashi 60 cikin 100 na iyakar ƙarfin na'ura, a riƙa kuma hutar da kunne.

Yara na bukatar kulawa dabam. Ramin kunnen jariri gajere ne ƙwarai, amsawarsa na wajen kaɗawa 6,000 ko sama, sai ya kai shekara biyu ta ke saukowa kusa da ta baligi, ramin kuma na ci gaba da girma bayan haka. In an kulle iska a ƙaramin wuri, turi guda ya fi matse ta. Sabo da haka lasifikar da uba ya saurara ya ji ta daidai, in ya cire ya sa wa ƙaramin ɗansa ba tare da ya taɓa kome ba, abin da ke isa dodon kunnen yaron ya fi wanda ya isa nasa ƙarfi.

Yawancin ƙure ƙarfi a wurin hayaniya a ke yinsa, kusa da janareta, ko cikin mota, inda mai sauraro ke neman ya rinjayi ƙarar waje. A irin wannan wuri mai toshe rami sosai ta fi sako-sako aminci, domin tana tare hayaniyar, ba sai an ƙara ba. Amma abin da ya tare hayaniya ya tare oda, sabo da haka mai tuƙa babur ko mai tsallaka titi bai kamata ya toshe kunnuwansa ba.

Saura dauɗar kunne. Sulusin waje na rami ne ke yin ta, tana kuma fitowa da kanta sannu a hankali. Roba na tura ta ciki, in ta taru ta sāke siffar ramin, ta dusashe ji, ta kuma toshe bakin lasifikar har gefe guda ya yi rauni. A riƙa goge robar, kada a yi aronta, gama zafi da gumi a rufaffen rami na jawo ciwon kunne. Tsinke da ashana da gashin kaza ƙara tura dauɗar su ke yi, su kan kuma huda dodon kunne. Wanda ya cire lasifika ya ji kunnensa na kuka, ko ya ji duniya ta dushe masa na ɗan lokaci, ƙarfin ya yi yawa, ya rage. In kukan ko dushewar suka kwana ba su tafi ba, ya nufi asibiti a auna jinsa.